Yadda Ake Ziyarar Wuraren Tarihi a Birnin Katsina, Mataki-Mataki

Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato ko Sallah ta matso, sai tambayoyin nan su dawo: ta ina ake farawa idan mutum yana son ganin wuraren tarihin Katsina? Ana barin baƙo ya hau hasumiyar Gobarau? Sai da takarda ake shiga fada? Nawa ya kamata mutum ya riƙe? Masu tambayar akasari malaman makaranta ne da ke shirin kai ɗalibai, da 'yan hidimar ƙasa da aka turo jihar, sai kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi masu son ganin garin kakanni.

Abin da ke ɓata wa yawancin mutane wannan ziyara ba kuɗi ba ne, rashin tsari ne. Mutum ya iso da rana tsaka, ba wanda ya san da zuwansa, ya tsaya gaban ƙofa ya ɗauki hoto, ya koma gida yana cewa ai ba wani abin kallo. Alhali kowane gini a cikin waɗannan yana da mai tsaronsa, kuma labarin yana bakin mutumin nan. Saboda haka jerin da ke ƙasa an tsara shi ne yadda za ka iske mutanen a lokacin da za su saurare ka.

1. Zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Rana ba ta da zafi sosai, kuma za ka iya yawo a ƙasa cikin lungunan tsohon gari. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan hana mutum sakat tun kafin azahar. Da damina kuwa matakalar ginin ƙasa tana santsi, hanyoyin ƙauye kuma suna caɓewa.

Cikin mako, ka zaɓi Litinin zuwa Alhamis, ranakun da ma'aikata ke ofis. Juma'a rabin yini ce, kuma kewayen fada da babban masallaci yakan cika maƙil tun da hantsi.

Gargaɗi: mutane da yawa suna haɗa ziyarar da hawan Sallah, wai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Hawan Katsina abin gani ne ƙwarai, amma a ranakun nan dogarai da fadawa ba su da lokacin baƙo, ofisoshi kuma a rufe suke. In kana son duka biyun, ka kalli hawa, ka ƙara kwana biyu ko uku har a koma aiki.

2. Hanya da masauki

Daga Kano kimanin kilomita 170 ne, ta Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci, ana kuma samun mota a tashar Ƙofar Ruwa. Mutanen Maraɗi ta Jibiya suke shigowa, su riƙe takardunsu na tsallaka iyaka. Mai zuwa daga nesa akwai filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Ka iso da yamma ka kwana, ka fara yawo da sassafe. Wanda ya taso daga Kano da safe yana nufin ya gama ya koma ran nan, rabin abin kawai zai gani, shi ma a gurguje.

Gargaɗi: ka yi tafiyarka da rana. Matsalar 'yan bindiga ta taɓa yankuna da dama na jihar, musamman ta yamma wajen Jibiya da Batsari da Safana. Cikin birni ana harkoki yadda aka saba, amma duk hanyar da za ta fitar da kai bayan gari, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba.

3. Abin da za ka riƙe, da inda kuɗin ke tafiya

Takalmi mai sauƙin cirewa, don za ka cire shi sau da yawa. Sutura ta mutunci: namiji doguwar riga da hula, mace hijabi ko babban mayafi. Ruwan sha, ƙaramin littafi da biro, katin shaida, waya mai cikakken caji.

Kuɗin kuwa gida huɗu suke tafiya. Na farko abin hawa, shi ne ya fi ci. Maimakon ka riƙa tare Keke Napep a kowace mahaɗa, ka ɗauki shatar guda ɗaya na yini, ka lissafa masa wuraren tun farko, ku yi ciniki har da zaman jira, ka ba shi rabi ka riƙe rabi sai an gama. Na biyu kuɗin shiga gidan tarihi, wanda ba shi da yawa, amma ka tambaya tun a bakin ƙofa ko ɗaukar hoto yana da nasa kuɗin daban, ka kuma karɓi rasit. Na uku goron masu tsaron wurare. Na huɗu abinci.

A kan goron nan ina so in ɗan tsaya. Dattijon da ya buɗe maka ƙofa, ya hau matakala da kai, ya ba ka labari na rabin awa, bai sa maka farashi ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba. Kada ka ɗauki shirunsa a matsayin kyauta. Ka tanadi canji, 'yan naira 500 da 1,000, ka naɗe ka miƙa da hannun dama lokacin sallama, kana cewa, "Baba, ga wannan a sayi goro." Kada ka tsaya neman lambar asusunsa a gaban jama'a. Wasu ba su da ita, wasu kuma abin zai yi musu nauyi.

4. Nemi ɗan gari, ka aika takarda in kuna da yawa

Baƙo ko da ido makaho ne. In kana da aboki Bakatsine, shi ne jagoranka na farko, domin sallamarsa kaɗai za ta buɗe maka ƙofofin da takarda ba za ta buɗe ba. In ba ka da kowa, ka je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko ka roƙi ma'aikatan gidan tarihi su haɗa ka da wanda zai zagaya da kai.

Mutum ɗaya ko iyali ba sa buƙatar wata takarda don ganin gidan tarihi ko Gobarau ko ƙofofi. Amma makaranta ko ƙungiya ko mai ɗaukar bidiyo don watsawa, sai ya rubuta takarda biyu: ɗaya ga shugaban gidan tarihi, ɗaya ga sakataren masarauta. A sa sunan makaranta, yawan mutane, ranar zuwa, dalilin ziyara da lambar wayar jagoran tafiya. A kai da hannu aƙalla mako biyu kafin ranar, a karɓo kwafin da aka buga wa hatimi, a kuma bi sawu da waya ana saura kwana biyu.

Kuskuren da aka fi yi: a cika bas da yara a iso ƙofar fada da takardar a hannu ran nan, ana sa ran a shiga nan take. Sau da yawa a rana yaran ke ƙarewa.

5. Fara da tsohuwar Kwalejin Katsina

Nan ne gidan tarihi na ƙasa yake, a unguwar Rafindaɗi, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya. Dalilin farawa da shi biyu ne: a nan za ka sami ma'aikatan da aikinsu ke nan su yi wa baƙo bayani, kuma abin da ka ji a nan shi zai sa sauran wuraren su yi maka ma'ana.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a 1922. A nan Sardauna Ahmadu Bello ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1933. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa ta yau.

Ka sa hannu a littafin baƙi, ka nemi a ba ka mai zagayawa da kai. Kada ka tsaya kan kayan da ke cikin gilashi kaɗai, ginin kansa shi ne babban abin kallo. Ka dafa bangon ka ji kaurinsa. Ka ɗaga kai ka dubi rufin, yadda aka jera azara aka ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasassun bakunan da ke riƙe rufin, da ƙasa ba ƙarfe ba siminti. Ka lura da sanyin da ke cikin ɗakin ko da rana ta take a waje. Magina na gargajiya ne suka yi wannan aiki, kuma yau masu iya shi sun yi ƙaranci. In da yara kuke, ka sa su tsaya shiru minti ɗaya a cikin aji, ka gaya musu su wane ne suka zauna a wurin. Wannan ya fi dogon jawabi shiga zuciyarsu.

Ka ba wurin awa ɗaya da rabi. Kafin ka fita, ka roƙi ma'aikacin ya gaya maka wanda ke riƙe da makullin Gobarau a ranar, in da hali ya kira maka shi.

Gargaɗi: kada a taɓa kayan da aka baje, kada a kunna fitilar kyamara kan tsofaffin takardu da hotuna.

6. Hasumiyar Gobarau, kafin rana ta yi tsaka

Tana tsakiyar tsohon gari, tsawonta kimanin mita 15, da ƙasa aka gina ta. Ita ce abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'a da ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ta yi aikin kiran salla da na hangen mahara, kewayenta kuma makarantar ilimi ce da ɗalibai ke zuwa daga nesa.

Ka fara da gaida wanda ka iske a wurin, ka faɗi daga inda ka fito da abin da ya kawo ka, sannan ka nemi izinin hawa. In an ce yau ba a hawa, ka haƙura. Wani lokaci gyara ake yi, wani lokaci ruwa ne ya taɓa ginin.

In an ba ka izini, ku hau kaɗan-kaɗan, mutum uku ko huɗu a lokaci guda. Matakalar ƙunci gare ta, kuma ba a yi ta don cunkoso ba. Mai ciwon gwiwa da mai jin jiri da ƙananan yara su tsaya ƙasa. Can sama kada ka jingina da bango, kada ka zauna a gefe don hoto. Ka dubi garin: rufin kwano ya mamaye inda da soraye ne, amma har yanzu za ka gane yadda lungunan ke karkata suna nufar fada da kasuwa.

Da kun sauko, ka tambayi mai tsaron labarin Wali Jodoma da gardamar alƙibla lokacin gina masallacin. Labarin baka ne, kuma za ka ji shi da 'yan bambance-bambance daga baki zuwa baki. Ka rubuta yadda aka ba ka, da sunan wanda ya ba ka. Kada ka tsaya gyara wa dattijo magana da abin da ka karanta a waya.

Gargaɗi, kuma wannan yana ci mini rai: rubuta suna a jikin bango. Wanda ya karce ginin ƙasa da ƙusa ya buɗe wa ruwan sama hanya ne, damina ɗaya ta isa ta mayar da karcen tsaga. Haka ma masu ɓantarar ƙasar ginin su ƙulle a leda wai don tabarraki. In kowane baƙo ya ɓanci ɗan yatsa, me zai rage? Malamin da ya kawo ɗalibai ya faɗi wannan tun a cikin mota.

7. Gidan Korau

Fadar Sarkin Katsina ke nan, ƙofarta kuma ita ce Ƙofar Soro, da filin Kangiwa a gabanta inda ake jahi ranar hawa. Ka tuna fada ba gidan kallo ba ce. Gidan mutum ne, kuma wurin aiki ne, ana zaman fadanci ana sauraron ƙararraki. Sarki na yanzu, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, ya hau a 2008, kuma tattaɓa-kunnen Sarki Muhammadu Dikko ne, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944.

Daga waje kowa na iya tsayawa ya kalli ƙofar. Shiga ciki kuwa sai da iso. Ka nufi dogarin da ke bakin ƙofa, ka yi sallama, ka rage tsawo, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga wuri kaza, mun zo ganin gidan Sarki." In kun aiko takarda, ka nuna kwafin. Inda aka ce ka cire takalmi ka cire, inda aka ce ka tsaya ka tsaya. In ka yi sa'a aka kai ku gaisuwa, ka zauna ƙasa yadda ka ga na gabanka sun yi, ka bar jagora ya yi magana, kada ka miƙa wa Sarki hannu sai in shi ya fara miƙowa.

Mutane kan tambayi takobin nan Gajere da tamburan sarauta. Kayan sarauta ne, ba a fito da su don baƙo ya nema. Ka tambayi labarinsu, kada ka nace sai ka gani.

Gargaɗi: ba a ɗaukar dogari ko bafade hoto sai an tambaye shi. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa kada ma ka fito da shi a kewayen fada ba da rubutaccen izini ba.

Daga nan ka yi azahar a babban masallaci da ke kusa, ka nemi abinci, ka huta har la'asar. Kada ka yi gardama da ranar Katsina.

8. Ƙofofi da ganuwa, bayan la'asar

Nan shatar keken za ta yi amfani. Ka fara daga Ƙofar Ƙaura, wadda mai zuwa daga Kano ke fara tararwa, ka bi Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, ka rufe da Ƙofar Marusa. Da ka ji sunayen za ka gane cewa da yawansu sarautu ne: Ƙaura, 'Yanɗaka, Durɓi, Marusa, dukansu manyan hakiman masarautar ne har gobe.

Gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu don kada ranka ya ɓaci a can. An sake gina yawancin ƙofofin da siminti don faɗaɗa titi, a Ƙofar Ƙaura ma har gadar ƙasa aka yi. Ganuwar kuwa, wadda Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, yau sai guntaye nan da can, gidaje sun hau wani wuri, masu ɗibar ƙasa sun cinye wani. Duk da haka zagayen yana da amfani, don shi zai nuna maka girman birnin na da, abin da ba za ka gane daga littafi ba.

Ba sai ka sauka a kowace ƙofa ba. In lokaci ya ƙure, ka ba Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Guga muhimmanci. Ta 'Yanɗaka ce Lugga (Lugard), jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo da sojojinsa a 1903. Inda duk ka hangi ragowar ganuwa ka sa mai keke ya tsaya, ka matsa kusa ka dubi yadda aka jera tubali, amma kada ka hau.

Gargaɗi: ƙofofin nan kan manyan tituna suke. Kada ka ja da baya cikin titi kana neman hoto ya fito, kuma yara su tsaya gefe ɗaya da babba a tare da su.

9. Makabartun waliyyai

Ana yi wa Katsina kirari da tudu garin Ɗan Marna, kuma ziyarar ba ta cika ba in ba ka je inda malamanta suke kwance ba: Wali Ɗan Marna, da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, unguwar Masanawa kuma ke ɗauke da sunansa, da Wali Ɗan Takum. A makabartar Ɗan Marna ne kuma aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010.

Nan ba wurin yawon buɗe ido ba ne, ziyara ce. Ka nemi mai gadin makabarta ya shiga da kai, ka yi sallamar da aka koyar ga mazauna kabari, ka yi musu addu'a, ka bi 'yar hanyar da ke tsakanin kaburbura ba tare da taka ko ɗaya ba. Waya ta koma aljihu. In kun iske ana jana'iza, ku ja gefe ko ku bi sahu, tambayoyin tarihi su jira.

In akwai mata a tafiyar, a tambaya tun daga ƙofa, domin a al'adar garuruwanmu mata ba su cika shiga makabarta ba. Kuma za ka iya haɗuwa da masu fahimta daban da taka game da ziyarar waliyyai. Kai baƙo ne, ba muhawara ta kawo ka ba.

10. Kwana na biyu: Durɓi ta Kusheyi da Daura

In kana da sauran kwana, ka fita gabas. Durɓi ta Kusheyi tana ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 daga birni. Tuddai ne na ƙasa da ake cewa an binne sarakunan farko na Katsina a ƙarƙashinsu. An yi tono a wurin a 1907 da kuma 1992, aka sami kayan tagulla da zinariya da hauren giwa. Kayan ba sa wurin yanzu, don haka wanda ya je ba mai bayani, tudun ƙasa kawai zai gani ya juyo. Ka tafi da ma'aikacin gidan tarihi, ku fara gaida mai garin kafin ku nufi kushewun, kada kuma ka tsinci ko da katangar tukunya ka sa aljihu. Doka ta hana ɗaukar kayan tarihi daga inda suke.

Daga nan ka wuce Daura, kimanin kilomita 80 daga Katsina, ka ga rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya. An kewaye ta da gini, akwai masu kula da ita, za su ba ka labarin su kuma ɗebo maka ruwan in kana so. Fadar Sarkin Daura ba nisa, ƙa'idojinta kuma su ne dai na Gidan Korau.

Don wannan tafiya mota za ka ɗauka shata, ba keke ba. Ku cika tanki tun a Katsina, ku fita da ƙarfe 7 na safe, ku fara da Mani tun da sanyi, ku yi azahar a Daura, ku kamo hanya da la'asar sakaliya yadda magariba za ta same ku cikin gari.